Ga Ma'ana, Ina Kalmar? Waiwaye Kan Wasan Ƙamus a Ƙasar Hausa

Ranar Alhamis a darasin ƙarshe, lokacin da rana ta take, ciki ya fara kiran ciroma, malaminmu na Turanci yakan ajiye alli ya zauna a gefen tebur. Sai ya sa hannu a aljihun kaftani ya zaro wani ɗan ƙamus da bangonsa ya ɓare aka liƙe shi da takardar siminti. Mu dai Maikal Wes muke ce wa littafin, ba mu ma san sunan mutum ne ba. Ya raba ajin biyu, 'yan layin taga da 'yan layin ƙofa. Ya buɗe inda hannunsa ya faɗa, ya danne kalmar da babban yatsa, ya karanto mana ma'anarta kaɗai da Turanci. Namu shi ne mu faɗi abin da ke ƙarƙashin yatsan.

Ina tune da ranar da ya karanto wata ma'ana mai cewa rami ne mai zurfi da ake haƙawa a ƙasa don a sami ruwa. Wani ya yi wuf ya ce hole. Malam ya ce, "Kai yaro, kowane rami ake zura wa guga?" Wani ya ce river, aji ya ɗauki dariya, don ba wanda ya taɓa ganin an haƙa kogi. Ni kuwa rijiyar gidanmu nake gani ƙuru-ƙuru, har da gungumen da igiya ta cinye a bakinta. Na san na taɓa karanta kalmar, na san harafin da take farawa da shi, ga ta a bakina, amma ta ƙi fita. Can sai wata yarinya a layin ƙofa ta ɗaga hannu a hankali ta ce well. Daga ranar har yau kalmar nan ba ta sake kwanta mini ba.

Abin da malam yake yi shi ne juya ƙamus ta baibai. Shi ƙamus an gina shi ne don wanda ya ci karo da kalma yake neman ma'anarta, wato mai karatu ko mai sauraro. Mai magana da mai rubutu kuwa matsalarsu daban ce: abin yana cikin ransu, sunansa suke nema. Mutum na iya gane kalma dubu in ya gan su a takarda, amma in ya buɗe baki ɗari biyu ne kawai za su amsa kiransa. Wasan ranar Alhamis waɗancan ɗari takwas ɗin yake farkarwa. Na daɗe ina ɗaukarsa dabarar malaminmu ce shi kaɗai, sai daga baya na gane wasan ya girme shi, ya ma girmi Turanci a ƙasar nan.

Kafin mu ga allon boko mun riga mun san wasan a tsakar gida. Da dare, bayan an ci tuwo, yaya ko goggo za ta ce shanunta dubu maɗaurinsu ɗaya, mu ce tsintsiya. Ta ce baba na ɗaka gemu na waje, mu ce wuta da hayaƙi. In ta kawo mai wuya muka yi ta lalube muka gaza, sai ta ce a ba ta gari. Mu ba ta Kano ko Katsina ko Damagaram, ta shiga garin da baki, ta ci ta sha ta yi ado, sannan ta faɗa mana amsa. Kacici-kacici kwatancin abu ne ba tare da ambaton sunansa ba, kuma ma'anar ƙamus ma haka take. Bambancin kawai, mai kacici-kacici ɓoye abin yake yi da gangan, mai ƙamus kuwa bayyana shi yake so ya yi. Yaron da ya tashi yana ba da gari ya riga ya saba da tafiya daga kwatance zuwa suna.

A zaure kuma akwai wani tushen, mai zurfi. Ita kanta kalmar ƙamus daga nan ta shigo mana. A asalinta teku take nufi. Malam Fairuzabadi, wanda ya rasu a Zabid ta ƙasar Yaman a shekara ta 817 bayan Hijira, shi ya sa wa littafinsa na lugga suna Alƙamusul Muhiɗ, wato tekun da ya kewaye komai. Littafin ya shahara har sunansa ya zama sunan duk wani littafi irinsa, a Larabci da Hausa da Sawahili. Ɗalibin da ya kai ga karatun lugga a zaurukan Kano da Zariya da Sakkwato yakan bi ta Ishiriniya, ya bi ta waƙoƙin mawaƙan Jahiliyya, ya kai ga Muƙama ta Hariri, malam na fassara masa kalma bayan kalma. Shi Hariri, mutumin Basra da ya rasu a 1122, a muƙama ta 36 cikin hamsin ɗinsa wasan nan ne sak ya shirya: a ba ka gajeriyar jimla, kai kuma ka nemo kalma guda wadda in an raba ta biyu za ta ba da ma'anar jimlar. Malaman lugga na Larabawa ma sun yi littattafai musamman don mai neman kalma. Sa'alabi, wanda ya rasu a 1038, ya tsara Fiƙhul Lugga babi-babi bisa ma'ana, ta yadda in kana neman sunan wani mataki na yunwa ko wani irin ruwan sama, babinsa za ka je ka tarar da kalmomin a jere. Ibn Sida, makahon malamin Andalus da ya rasu a 1066, ya faɗaɗa wannan tsari a Almukhassas. Turanci bai sami irin wannan littafi da ya karɓu ba sai a 1852, da Peter Roget ya fitar da nasa.

Da Turawa suka fara rubuta ƙamus na Hausa, ba don mu suka yi ba. Don kansu suka yi, su ji abin da muke faɗa. James Schön, ɗan mishan Bajamushe, ya fitar da jerin kalmomi a 1843, sannan cikakken ƙamus a 1876, alhali bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Hausarsa daga bakin mutane ya ɗebo ta, musamman Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da Heinrich Barth ya tafi da shi Turai a 1855. Charles Robinson, wanda shi ya zo har Kano a ƙarshen 1894, ya buga nasa a Kambirij a 1899 da 1900. Adam Mischlich, wanda ya daɗe yana aiki da Alhaji Umaru a Kete Karachi, ya fitar da na Hausa da Jamusanci a 1906.

Sai 1934, shekarar da ƙamusun Bargery ya fito. A nan dole a ɗan dakata, don har yau ba a yi wanda ya kai shi yawan kalmomi ba a tsakanin Hausa da Turanci: shafi sama da 1,200, kalmomi wajen 39,000. George Bargery ya shafe fiye da shekara goma yana zagaya ƙasar Hausa, yana zama da malamai da masu sana'a, yana rubuta wannan Katsinanci ne, wannan Sakkwatanci, wannan ta Gobir. Ya nuna karin sautin kowace kalma da tsawon wasalinta. Abin da ya fi burge ni a aikin shi ne al'adarsa ta tara kalmomi masu ma'ana ɗaya a wuri guda. Duba ƙarƙashin kalmar ƙato, za ka tarar da ɗaruruwan kalmomin da Bahaushe yake siffanta girman abu da su. Wannan aikin Sa'alabi ne a cikin rigar Turawa, kuma shaida ce cewa harshen nan yana da kayan wasan fiye da yadda muke zato. Malaman da suka zuba masa waɗannan kalmomi sunayensu ba su hau bangon littafin ba. An ɗan gyara wannan a 1949, da ƙamusun R. C. Abraham ya fito ɗauke da sunan Malam Mai Kano tare da nasa.

A ɗaya ɓangaren kuma, Bahaushe ya fara neman Turanci. Makarantar Ɗan Hausa a Nasarawa ta Kano, wadda aka buɗe a 1909, da Hausa ta fi koyarwa. Kwalejin Katsina, wadda aka yi bikin buɗe ta a 1922, ita ce ta ɗauki Turanci da gaske, har ta yaye irin su Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda Turawa da kansu suka yaba wa lafazinsa. To amma da wane ƙamus yaro zai koya? Ƙamusoshin Ingila an rubuta su ne don 'yan gida. Na farkonsu, na Robert Cawdrey a 1604, kalmomi masu wuya kawai ya tara, wajen 2,500. Babban ƙamusun Samuel Johnson na 1755 kuwa ya yi suna da wasu ma'anoni da suka fi kalmar kanta tsauri. Yadda ya bayyana kalmar da ke nufin raga ko koma, da kalmomin Latin masu nauyi, har yau ana ba da misali da shi. Ka karanta wa ɗan aji ɗaya irin wannan ma'ana ka ce ya cinci kalmar, ai sai ya ba ka gari bakwai.

Wanda ya warware wannan ƙulli shi ne mai sunan da ke bangon littafin malaminmu. Michael West malamin makaranta ne da ya yi shekaru yana horar da malamai a Daka ta ƙasar Bangal, ya ga wahalar yaran da Turanci ba harshen uwarsu ba ne. A 1935, shi da James Endicott suka fitar da ƙamus bisa wata ƙa'ida guda: duk ma'anonin da ke ciki, wajen 24,000, da kalmomi 1,490 kacal za a rubuta su. In yaro ya san waɗannan, babu ma'anar da za ta gagare shi karantawa. Wannan ƙa'ida ce ta sa wasan ranar Alhamis ya yiwu. Da ma'anar rijiya ta zo da kalmomin da ba mu taɓa ji ba, da babu hoton da zai zo mini a zuci, balle in nemi sunansa. Bayansa A. S. Hornby, wanda ya koyar a Japan, ya fitar da nasa a Tokiyo a 1942, kamfanin Oxford ya sake buga shi a 1948, shi ne ya zama jibgegen ƙamusun da kowane ɗan sakandare yake burin a saya masa. Longman a 1978 suka koma kan dabarar West da kalmomi 2,000.

A Zariya ma ba a zauna ba. Hukumar buga littattafai ta Arewa, NORLA, ta fitar da Hanyar Taɗi da Turanci a 1957, Neil Skinner ya biyo da ƙaramin ƙamus na Hausa da Turanci a 1959, sannan Ƙamus na Turanci da Hausa a 1965. Waɗannan suna cikin littattafan farko da suka juyo suka fuskanci Bahaushe a matsayin mai koyo. A 1977 Paul Newman da Roxana Ma Newman, tare da Ibrahim Yaro Yahaya da sauran ma'aikatan Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Kano, suka fitar da Sabon Ƙamus na Hausa Zuwa Turanci. Shi wannan, ga mai koyon Turanci, hanya ce daga ma'ana zuwa kalma ko da ba a faɗa ba: ka san rijiya, ka buɗe, ka sami Turancinta.

Su ma masu Turancin sun mai da abin wasa tun tuni. Ranar 21 ga Disamba, 1913, wata jaridar New York ta buga wasan cike gurabun haruffa na farko, wanda Arthur Wynne ya ƙirƙira: ga ma'ana a gefe, ga akwatuna a tsaye da kwance, kai ka nemo kalmar da za ta cika su daidai. Ba a jima ba ya game jaridun duniya, ya iso mana a shafukan baya na jaridun Turanci, inda za ka ga akawu a ofis ya duƙufa a kai da fensir. Masana ma sun yi amfani da wasan don leƙa yadda ƙwaƙwalwa take ajiyar kalmomi. A 1966 Roger Brown da David McNeill na Jami'ar Harvard suka tara ɗalibai suna karanta musu ma'anonin kalmomin da ba a cika amfani da su ba, suna cewa su faɗi kalmar. Abin da suke farauta shi ne daidai halin da na shiga ranar rijiya. Suka gano cewa wanda kalma ta maƙale masa sau da yawa yana iya faɗin harafinta na farko, da yawan gaɓoɓinta, da wasu kalmomi masu kama da ita a sauti, duk kafin ita kanta ta zo. Ashe ma'ana da sauti ba a rumbu ɗaya suke ba, akwai 'yar hanya tsakaninsu, kuma hanyar da ba a bi ciyawa takan rufe ta. Malaminmu bai karanta wannan bincike ba, ina kyautata zato, amma share wannan hanya yake yi mana kowane mako.

Inda abin ya fara lalacewa, a ganina, shi ne lokacin da jarrabawa ta zama ita ce uwar karatu. Hukumar WAEC tun 1952 take, JAMB ta zo a 1978, kuma duka biyun suna gwada sanin kalmomi ta hanyar canki-canka: ga kalma an ja mata layi, ga zaɓi huɗu ko biyar, ɗauki mafi kusa da ita a ma'ana ko kishiyarta. Ban ce gwajin ba shi da amfani ba, ga dubban ɗaruruwan ɗalibai dole a sami hanyar maki mai sauri. Amma amsar tana gabanka, ganewa kawai ake nema, ba a ce ka haƙo ta daga cikinka ba. Malamai suka bi jarrabawa, ɗalibai suka bi tsofaffin tambayoyi suna hadda. Shi ya sa za ka ga yaro ya ci Turanci da kyau a takarda, amma ka ce ya rubuta wasiƙar neman aiki sai ka ga yana ta juya kalmomi ashirin ɗin da suka saba masa.

Sannan waya ta zo. Tun Disambar 2013 manhajar fassara ta Google ta ɗauki Hausa, yau kuwa ko ƙamus ba sai ka buɗe ba, ka kwatanta wa na'ura abin da kake nufi ta miƙo maka kalmar kafin ka ƙifta ido. Akwai alheri a nan, ba na musu. Ɗan ƙauyen da ubansa bai iya saya masa Oxford ba yanzu yana da abin da ya fi shi a tafin hannu, kuma wasannin cinkar kalma sun cika intanet, wasu har da masu fafatawa daga ƙasashe daban-daban. Abin da nake jin tsoro shi ne wancan ɗan lokacin na maƙalewa, daƙiƙa goma ko ashirin da kake kokawa da kanka. Shi ne yake dasa kalma. In an miƙo maka ita kafin ka yi kokawar, gobe ma sai ka sake tambaya.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ci mini rai. Duk tsawon tarihin nan, daga Schön zuwa Newman, ana auna Hausa ne da wani harshe. Ƙamusun da zai bayyana Hausa da Hausa ya makara ƙwarai. An yi ƙananan yunƙuri kafin nan, amma babban aikin sai a 2006 ya fito, wato Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, shekara 130 cif bayan ƙamusun Schön. Sai a lokacin ne malamin Hausa ya sami cikakken littafin da zai danne kalma da yatsa ya karanto ma'anarta da harshen yaran. Ban ga ana yin hakan ba sosai.

Kwanakin baya na gwada da yaran gidanmu, 'yan firamare da 'yan ƙaramar sakandare, a kan tabarma bayan sallar isha'i. Na fara da Turanci. Abin da ake jinginawa a bango a taka a hau sama: kafin in rufe baki sun ce ladder. Matar da mijinta ya rasu: babbar cikinsu ta ce widow. Na ji daɗi. Sai na juya Hausa. Na ce igiyoyi ne da ake saƙawa a rataye a ɗaki, a ɗora ƙwarya a kai don kada kyanwa ko kiyashi su kai ga abin da ke ciki. Shiru. Na ce ɗan siririn sanda ne mai dunƙulen yumɓu a gindi, mata na murza shi suna kaɗa zare. Shiru. Na ce jakar fata ce da ake sa Alƙur'ani a ciki a rataya a kafaɗa. Ɗaya ya ce jaka, ɗaya ya ce bag. Kakarsu tana gefe tana jan carbi, ta kasa haƙuri ta ce, "Ragaya, mazari, gafaka! Yanzu ku nan ba wanda ya san gafaka?" Ba laifin yaran ba ne. Ragaya da mazari sun bar ɗakunanmu, ba wanda ya zaunar da su ya kwatanta musu. Amma abin da ya biyo baya shi ya ƙarfafa mini gwiwa: suka taso wa kakar da cewa sai ta kawo nata. Ta yi ta kawowa, akushi, taskira, tsaiko, abawa, suna lalube suna ba ta gari, har aka kai ƙarfe goma ba wanda ya nemi waya.

Don haka ina da roƙo ga masu abin a hannu. Cibiyar da ta yi Ƙamusun Hausa a Jami'ar Bayero, da sassan Hausa na Zariya da Sakkwato da Katsina da Yamai, su dubi yiwuwar yi mana ƙamus mai bin ma'ana, babin noma daban, babin saƙa da rini daban, babin ruwan sama da iska daban. Bargery ya riga ya tara rabin kayan tun 1934, saura a tsara su a ƙara na zamani. Gidajen rediyonmu da ke shirya gasar kacici-kacici tsakanin makarantu su ware zagaye guda na cinkar kalma daga ma'anarta, rabi da Turanci rabi da Hausa. Malamin Turanci kuma kada ya ga kamar ɓata lokaci ne ya ba wasan nan minti goma sha biyar a mako, ko da manhajar karatu ba ta ambace shi ba.

Kai kuma mai karatu, in akwai ƙamus a gidanka, na Turanci ne ko na Hausa, sauko da shi daren yau ka kaɗe ƙurar. Tara yaran, ka danne kalma da yatsa, ka karanto musu ma'anar, kuma kada ka yi saurin faɗa musu amsa sai sun ba ka gari.